Zuwa ga ɗana a Yamai, kan zancen gonar hanyar Say

Assalamu alaikum ɗana. Ina fatan kana lafiya kai da iyali, ya aiki, ya zafin Yamai. Mu nan Tawa sai godiyar Allah, ƙafar innarka ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa da kanta. Ƙanenka ke buga min wannan cikin waya ni ina faɗi, don amsar muryar da ka aiko ta WhatsApp ta fi ƙarfin minti biyu, kuma ina son ka samu abin da za ka koma ka karanta.

Na ji zancen filin da ka samu hanyar Say da niyyarka ta sa shinkafa da rogo da itacen turare. Na yi murna ƙwarai, Allah ya sa albarka, ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata kaɗai yana shan wuya a zamanin ga. Amma yadda ka tsara abin, wai layin turare a tsakiya, rogo hagu da dama, shinkafa can ƙasa, kuma duka cikin damina guda, shi ya hana ni yin shiru. Abubuwan ga uku ba ƙasa guda suke so ba, ba ruwa guda ba, kuma ba lokaci guda suke biyan mai su ba. Shinkafa wata huɗu zuwa biyar ka ga shanshera, rogo sai ya kusa shekara, turare kuwa ka manta da shi shekara huɗu ko biyar kafin ka sari sandar da za a saya. In ka zuba kuɗinka duka lokaci guda, wanda zai fara biyanka shi ne kuma ya fi cin kuɗi, sai ka tsaya tsakiya babu na taki.

Kafin komi, takarda. Ka ce mai filin dattijo ne mai mutunci kun yi magana gaban shaidu, to madalla, amma dattijo zai mutu ɗiyanshi ne za ka gani. Tun 1993 anka yi dokar tsarin karkara a ƙasar ga, kuma ita ta kawo kwamitocin filaye da ake ce ma Kofo, akwai na gari akwai na kwamin. Ka je da mai filin da magadanshi gaban maigari a rubuta takardar saye a buga hatimi, a taka iyaka da maƙwabta duka suna tsaye. Ka tambaya kuma ko akwai burtali kusa. In ko aro ne ko haya ko jingina, kada ka kuskura ka dasa icce ko guda, don a wajen mutanen karkara wanda ya dasa icce yana cewa ƙasar tashi ce, ranar da sunka ga turarenka ya kai ƙugu ranar zancen zai canza.

Yanzu shinkafa. Shinkafar da kake gani kore shar a Saga da Kirkisoy da Libore da Ndunga ba haka kawai take yi ba, filayen gwamnati ne da anka gyara, da madatsa da kanal da manyan injuna masu jawo ruwan gulbi, hukumar filayen ban ruwa ONAHA ke kula da su tun kafa ta a 1978, manoma kuma suna cikin koperatib kowa da ɗan fegin shi, da yawa bai wuce rubu'in hekta ko rabi ba, suna noma sau biyu a shekara, na rani da na damina, bayan girbi kowa ya biya kuɗin ruwa da lantarki. Kai naka fili waje yake, ma'ana madatsar kai ne, kanal kai ne, inji da esans duka kai ne. Ka lissafa wannan tun yanzu da biro da takarda, awa nawa inji zai yi kowane mako har wata huɗu, ka ga ko shinkafar za ta biya.

Kuma ka duba ƙasar da hannunka. Ka sa a gina rami kamar tsawon hannu wurin da kake son shinkafar, ka ɗebo ƙasar ƙasa ka jiƙa ta ka murza tsakanin tafin hannu. In ta yi igiya ta lanƙwashe ba ta karye ba, laka ce, za ta riƙe ruwa. In ta marmashe, rairayi ne, duk ruwan da ka zuba da safe kafin la'asar ya tafi, kuma takin da ka sa ya bi shi. Ka cika ramin da ruwa da marece ka dawo da safe ka gani. Wannan ba ya cin ko dala, amma mutane sun fi son su sayi inji tukuna.

Sai zancen gulbin kanshi. Kogin Isa sau biyu yake cika a Yamai. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba wanda ke zuwa daga ruwan saman da anka yi nan kusa da wajen Burkina, da sauri yake tasowa, sannan akwai wanda ke fitowa tun daga Gine yana tafiya sannu har ya iso cikin sanyi wajen Janairu. Na farkon shi ne mai ɓarna, kai shaida ne a 2020 da madatsa ta ɓalle ruwa ya shiga Lamorde da Kirkisoy, shinkafar Saga ta nutse, kuma a 2012 ma an ga irin haka. Ni kuma na san shekarar 1985 da gulbin ya tsaya cak a Yamai. Don haka ka nemi tsofaffin wurin, ba mai sayar ma da fili ba, ka tambaye su ina ruwa ya tsaya a 2020, su nuna ma da yatsa, kuma a watan Mayu ina ruwan ke komawa. Ka tambayi zancen dorina ma, dare guda ta isa ta gama da fegi.

Ni a ganina ka fara da na rani, rubu'in hekta kawai. Ka nemi iri mai kyau wajen hukumar binciken noma INRAN ko wajen manoman koperatib da ke fidda iri, Gambiyaka an san ta kuma masu saye suna son ta, kada ka auno shanshera a kasuwa ka ce iri ce. Ka yi yayyafi a ɗan fili, in ya yi mako uku zuwa huɗu a cire a dasa, cikin sanyi yakan ɗan yi nawa. Masu dashe in ka bar su za su cusa biyar shida a rami guda don su gama da wuri, ka tsaya kansu, biyu ko uku sun isa, tsakani kamar taƙi guda, kuma a layi don a ji daɗin cire haki. Fili ya zama a daidaice, in gefe guda ya fi tudu can haki zai cinye, can kuma ruwa ya shanye. Takin 15-15-15 wajen dashe, ure kuma a raba shi biyu, kada a watsa shi cikin ruwa mai gudu. In ta fidda kai ta fara nono, tsuntsaye jan baki za su zo, sai an sa yara da gwangwani tun asuba har faɗuwar rana, wannan ma kuɗi ne, ka sa shi cikin lissafi. Hekta da ta samu kulawa tana ba da tan 4 zuwa 5 na shanshera, kai ka raba huɗu ka ga naka, kuma kada ka sayar ranar girbi lokacin da kowa ke sayarwa.

Rogo akasin shinkafa ne, ƙasa mai taushi yake so mai rairayi, wadda ruwa ba ya kwana cikinta, shi ya sa ya yi kyau a Dallol wajen Balleyara da can Gaya inda ruwa ke kusa amma ƙasar ba ta cushe ba. Mu a nan bayan yunwar 1984 ne, zamanin Kunce da anka matsa ma kowa da noman rani, rogo ya shiga garake da yawa, ya kuma rufa ma mutane asiri. Ka kai shi tudun filin. Wajen sayen kara kada ka aika, ka je gonar da kanka tun rogon na tsaye ka dubi ganye, in ka ga ya murɗe ya yi ɗigo-ɗigon rawaya to ciwo ne kuma cikin karan yake, duk inda ka kai shi zai bi ka. Ka zaɓi kara da ya nuna, ba ɗanyen kai ba, a yanka kamar taƙi guda mai ido biyar ko shida, idon na kallon sama, taku guda tsakanin kowane. Wata uku na farko shi ne aikin, noma da hattara da gara, bayan nan ya rufe ƙasa da kanshi.

Abin da 'yan birni ke mantawa, rogo yana gona lokacin da anka saki dabbobi bayan girbin hatsi, shi kaɗai ne kore a dajin, kowace akuya ta san da shi. In ba ka da kuɗin giriyaji ko shinge mai ƙarfi ka bar rogon sai baɗi, ya fi maka da ka yi ta ƙara gaban maigari da makiyaya. Kuma kada a tone sai ka san mai saye, don kwana biyu uku bayan tono ya fara baƙi a ciki, amma a ƙasa yana jiranka. Ka riƙa tonon kaɗan-kaɗan, ka samu mata masu dafawa su sayar da ƙuli da yaji su zan masu ɗauka. Ka tabbata kuma mai zaƙi ne anka ba ka, mai ɗaci sai an jiƙa an sarrafa shi kafin a ci, yana da guba.

To turare. Ban ƙi shi ba, na san mi ka gani, ka shiga kasuwar Katako ka ga sandunan da masu gini ke saye suna tokare rufin siminti da su da masu rumfa, ka ce kuɗi ne a tsaye, kuma gaskiya ne, in ka sare shi yana sake tohowa daga kututture ba sai ka sake dashe ba. Amma icce ne baƙo daga Ostareliya, mai saurin girma, kuma da ruwan maƙwabtanshi yake wannan saurin. Lokacin da nake aikin gidan gona na ga wata garka nan cikin kwarin Magiya da mai ita ya jera turare gefen yamma, albasar da ke kusa da layin ba ta wuce ƙwan zabo ba, sai ka yi taku goma sha wani abu kafin ka fara ganin albasa ta gaske, ƙarƙashin itatuwan kuwa ganye ne busasshe a shimfiɗe ko haki babu. Saiwarshi na tafiya nesa ƙarƙashin ƙasa, ganyenshi ba ya ruɓewa da wuri. Ko aikin kare iska da anka fara a Magiya wajen Buza a 1975, dogon yaro anka fi sawa.

Saboda haka layin tsakiya ka soke shi. In akwai wani lungu na filin da ba ya ba da komi, ko bakin hanya, ka tara turaren can wuri guda, mita uku tsakani, nesa da rijiya da rogo kamar taku ashirin, kuma ba kan iyakar maƙwabci ba don kada ka shanye mishi gero ya zan rigima. Ka dasa farkon Agusta da ruwa ya zauna, lokacin ma ana samun ɗiyan itace da sauƙi saboda bukin dashen itace na 3 ga wata, ka kare su daga gara da awaki shekarar farko. Ranar sara ka fara zuwa wajen ma'aikatan gandun daji ka ji takardar da ake bukata kafin ka ɗora ma mota. Cikin gonar kuwa in ka tarar da ɗiyan gawo sun tsiro kada a sassabe su, a gyara su a bar su, gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare ma shuka rana kuma yana ƙara ma ƙasa ƙarfi.

Wanda za ka aje a gonar, ka ce ɗan uwan matarka ne, ban ce komi ba. Amma ko wane ne ku yi magana a fili tun farko, albashi ne ko kaso, in kaso ne nawa, wa ke sayen esans, kuma ka riƙa biyan shi kan lokaci, mai jin yunwa ba ya tsaron taki. Kai kuma kowace Asabar ƙafarka ta taka wurin, wani lokaci ka je ranar da bai zata ba. Hoto a waya ba ya nuna ma ko an sa ure ko an sayar da shi.

Bana dai ka yi takarda da shinge da ramin gwaji, ka sa rogo a tudu in ruwa ya sauka, shinkafa ka jira Disamba bayan ka ga inda jan ruwa ya tsaya da idonka. Kuɗin makarantar yara kada ka taɓa su, kuma kada ka ci bashin banki kan wannan. In an rubuta takardar ka ɗauki hotonta ka aiko ma ƙanenka ya karanta min, ina son in ji sunayen shaidu da yadda anka faɗi iyaka. Innarka na gaida matarka da jikoki, ta ce a aiko mata da maganin shafawar nan in an samu mai zuwa. Allah ya yi maka albarka.

Babanka, daga Tawa.