Haƙorin gujjiya

Aminina Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya sanyin can? Mu nan Sakkwato zafi ya kankama, Rima ta ja baya, masu albasa na ta fama a fadama.

Ka tuna muna yara muna ɓarar gujjiya bayan an tashi makarantar allo, ɗan abin nan da ke maƙale tsakanin ɓari biyu kana ce masa haƙori? Ashe shukar ce sukutum. Shekaranjiya na jiƙa wake na ɓare wa ɗalibaina: ga 'yar saiwa kamar tsinin allura, ga ganye biyu a naɗe. Sai wani yaro ya ce, "Malam, wa ya gaya wa iri inda kansa yake?" Wallahi na yi tsuru-tsuru, sai da na koma littafi.

Tun rabuwar farko ake yanke maganar. Bayan barbara, ɗan tayin shuka ƙwayar halitta ɗaya ce tal a cikin fure. Sai ta yi tsawo ta rabu biyu, amma ba rabon adalci ba: ta sama ƙarama, ta ƙasa doguwa. Ƙaramar ce ke haifar da kusan dukan jiki. Ta zama 2, 4, 8, in an kai 16 na waje sun ware sun zama fata. Doguwar kuwa zare take zama, kamar igiyar cibiya, tana ciyar da ɗan tayin. Ƙwayar da ke ƙolin zaren kaɗai ke shiga ciki, ta zauna a bakin saiwa.

Mai nuna hanya wani sinadari ne, oksin. Da fari sama yake hawa, daga baya ya juyo ya taru a ƙasa, nan saiwa za ta fito. Tsiron da ba ya jin oksin yakan fito babu saiwa. Daga dunƙule sai ɗan tayin ya yi siffar zuciya, kunnuwan nan biyu su ne ɓarin gujjiyarmu. Gero da dawa ɗaya gare su.

Yawancin wannan a jikin Arabidopsis aka gano shi, 'yar ciyawa dangin kabeji. Ita lissafinta tsaf yake. Masara ba ta bin ƙidayar haka, amma kai da gindi ba sa ɓace mata.

Madubinmu na ƙara girman abu na makaranta ya yi hazo, ba ya nuna komai. In kana zuwa da Sallah, ka dubo mana ko na hannu ne. Gaida uwargida da yara.

Naka,
Umaru