Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, Kan Darajar Ma'aikatan Jinya

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, barka da aiki, sannu da fama da jama'a. Ni tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma, a asibitocin gwamnati na yi aikina har na yi ritaya. Na rubuto maka a fili, da Hausa, domin rabin maganar taka ce, rabi kuma ta jama'ar da muke yi wa hidima, ina so ku ji ta tare.

A ƙasar nan ba a ɗauki aikin jinya a bakin komai ba. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne, rainin da talaka yake yi wa nas a bakin gadon asibiti, a wajen hukuma ya koyo shi.

Ka tsayar da mutum a hanya ka tambaye shi mene ne aikin nas. Zai ce maka allura, da ƙarin ruwa, da miƙa wa likita almakashi. In mai tsokana ne ya ƙara da cewa, da masifa. Yarinya ta samu gurbi a kwalejin koyon aikin jinya, maimakon barka sai ka ji ƙanwar uwarta na cewa, "Ayya, likitancin ne bai samu ba?" Ta gama, ta ci jarrabawar majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, ta karɓi lasisi, maganar aure ta taso, sai dangin saurayi su fara gunaguni wai su ba sa son mai kwanan asibiti. Waɗannan dangin ne dai gobe za su kawo 'yarsu tana naƙuda da ƙarfe biyun dare, su tsaya kai da fata sai mace ce za ta duba ta. Ina za a samo macen, in kowa ya hana tasa kwanan asibitin?

Kai likita ne, ka san abin da zan faɗa, amma bari in faɗe shi don masu karatu. Likita yakan zo zagaye, ya duba mara lafiya, ya rubuta abin da za a yi, ya wuce gado na gaba, domin shi ma layi na jiransa. Sauran awannin yini da dare duk a hannun nas mara lafiyan yake. Mai ciki ce za ta ce kanta na sarawa, tana ganin wasu taurari-taurari, ga ƙafa ta kumbura. Mai jinyarta za ta ce gajiya ce. Nas ce za ta ɗaura mata abin awon jini, ta ga ya hau, ta san jijjiga na tafe, ta kwantar da ita a gefen hagu, ta haɗa allurar magnesium, ta aika a taso likita. Wata kuma ta haihu lafiya, ana ta guɗa a waje, ungozoma ta ɗora hannu a mararta ta ji mahaifa ta saki, ta leƙa ta ga zani ya jiƙe. A nan ba a jiran kowa. Za ta murza mahaifar, ta yi allurar tsayar da jini, ta nemi jijiya ta sa ruwa, sau da yawa da fitilar waya a baki saboda an ɗauke wuta. Wannan ilimi ne da aka yi shekaru ana karantawa, da ido da ya saba. Gari na wayewa mijin zai zo da fara'arsa yana tambayar ina likita, zai yi masa godiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, kuma ka san Arewa ce ta fi ɗaukar nauyin. Zubar jini da jijjiga suna kan gaba cikin masu kashe su. A ƙaramin asibitin ƙauye babu likita ko na rantsuwa. In an ci sa'a akwai ungozoma ɗaya, in ba a ci ba sai ma'aikacin lafiya na matakin farko. Duk wani shiri na rage mutuwar nan, a hannun matar da ake rainawa zai tsaya ko ya faɗi.

Zancen masifa kuwa ba zan ce ƙarya ba ne. Akwai masu daka wa mai naƙuda tsawa, akwai masu danna waya mara lafiya na kira, kuma duk wadda aka kama da wulaƙanta majinyaci a hukunta ta. Sai dai a duba ɗakin da aka ajiye ta. Mutum ɗaya ko biyu a kan gadaje cike, har da na ƙasa a kan tabarma. Ita ce mai cewa babu gado, babu safar hannu, je ka sayo ruwa da sirinji, je ka nemo jini. Ba ita ta yi kasafin kuɗi ba, ba ita ta ƙi ɗaukar ma'aikata ba, amma fuskarta ake gani. Shi ya sa in rai ya yi halinsa ita ake zagi, wani lokaci har da mari.

Kusan kowa ya san Dakta Stella Adadevoh, wadda ta hana Patrick Sawyer fita daga asibiti a Legas da cutar Ebola a 2014, kuma ta cancanci duk yabon da ake mata. Mutum nawa ne suka san Justina Ejelonu, nas ɗin da ta yi jinyarsa a asibitin, ta kamu, ta rasu a watan Agustan shekarar? A ranar 1 ga Maris 2018 aka sace Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman, ungozomomi masu aiki da ƙungiyar Red Cross a Rann ta jihar Borno, tare da wata nas, Alice Loksha. An kashe Saifura a watan Satumba, aka kashe Hauwa a Oktoba. Matasan mata ne da suka je inda manya suka gudu, don su karɓi haihuwar 'yan gudun hijira. Allah ya jiƙansu. Sunayen irin waɗannan ya kamata a ce suna jikin ƙofofin kwalejojin jinya, ɗalibai na karantawa kullum safe.

Yanzu bari in zo kan abin da yake hannunka.

A watan Fabrairun 2024 majalisar ma'aikatan jinya ta fitar da sabuwar ƙa'ida, cewa sai nas ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tantance mata takardu don fita waje. Magatakardan majalisar na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikata 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. Ma'aikatan jinya suka fito zanga-zanga a Abuja da Legas. Na fahimci tsoron hukuma, asibitoci na zama kango. Amma saƙon da yaran nan suka ji shi ne, ba a damu da ke ba sai ranar da kika ɗauki jaka. Ingila da Saudiyya ba sihiri suke yi musu ba. Albashi ne, da kayan aiki, da mutunci.

A ƙarshen Yulin 2025 ma'aikatan jinya na asibitocin tarayya suka shiga yajin aikin gargaɗi na kwana bakwai, suka janye a farkon Agusta bayan zaman da aka yi da ku. Duk wanda ya karanta buƙatunsu zai ji kunya a madadin ƙasar. Alawus ɗin kayan sawa naira 20,000 a shekara, ga mai sa fararen kaya da jini ke ɓatawa kullum. Alawus ɗin aikin dare da bai taka kara ya karya ba. Tsarin aikinsu da aka amince da shi tun 2016, wanda suka ce har lokacin ba a buga shi a jaridar gwamnati ba. Sai kuma cikakken sashe na aikin jinya a ma'aikatarka, maimakon reshe a ƙarƙashin wani sashen. Wannan na ƙarshen wasu na ganin neman kujera ne. Ni a wurina shi ne tushe. Ma'aikatan jinya da ungozoma su ne mafi yawa cikin ƙwararrun ma'aikatan lafiya, amma a teburin da ake yanke shawara a kansu wani ne yake magana da bakinsu. Ba faɗa nake da likitoci ba, da su muka kwana a tiyata, su ma guduwa suke yi. Cewa nake, wanda gwamnati ta ajiye a bayan ƙofa, jama'a ba za su shimfiɗa masa tabarma ba.

Na yaba da ƙara guraben karatun jinya daga 28,000 zuwa 64,000 da ka sanar. Amma wa zai koyar da su, alhali malaman ma suna tafiya? Wane asibiti zai ɗauke su? A yau akwai masu lasisi a hannu suna zaune a gida, wasu na aikin sa kai a asibitin gwamnati ba ko sisi, da fatan wata rana a ɗauke su, wasu asibiti mai zaman kansa na ba su abin da bai kai kuɗin mota ba. Ka fi kowa sanin wannan darasin. Kana shugaban hukumar kula da lafiya a matakin farko aka ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara a 2009. Shiri ne mai kyau, ya kai ƙwararru ƙauyukan da ba su taɓa gani ba. Abin da ya karya masa gwiwa shi ne jihohi da ƙananan hukumomi da yawa sun ƙi biyan nasu kason, ba masauki na kirki, matan suka tattara suka dawo. In za a sake zama da gwamnoni, wannan ce maganar, domin yawancin ma'aikatan jinya na jiha ne, kuma abin da aka sa wa hannu a Abuja ba ya isa gare su sai gwamna ya ga dama.

Ga kuma wata ɓarna da ke ci mana mutunci. Wasu asibitoci masu zaman kansu kan ɗauki yarinya da ta gama sakandare, a koya mata allura wata shida, a ɗinka mata fararen kaya, shi ke nan ta zama nas. Gobe ta buɗe kemis a lungu tana ƙarin ruwa. In ta yi wa yaro allura a jijiya ƙafa ta shanye, ba wanda zai tambayi lasisinta, cewa za a yi nas ce. Majalisar ma'aikatan jinya na da doka a hannu, abin da ta rasa kuɗin sintiri ne da goyon bayan hukuma. Masu asibitocin nan kuwa ba ɓoyayyu ba ne, da yawansu likitoci ne masu rajista.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka sa a fito da yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yajin aikin 2025, a bi ta ɗaya bayan ɗaya, a faɗa wa jama'a wanne aka cika, wanne ya rage, kuma yaushe za a cika shi. A faɗe shi a rediyo, da Hausa da sauran harsunanmu, yadda mai gadin asibiti da mijin mai naƙuda za su ji daga bakin Minista cewa matar nan mai fararen kaya ƙwararriya ce, kuma duk wanda ya ɗaga mata hannu a bakin aiki kotu zai je. In ka kai ziyara asibiti, ka bar ofishin shugaba, ka zo da dare ba sanarwa, ka nemi takardar rabon aiki ka ƙirga sunayen da ke kanta, sannan ka ƙirga gadaje.

Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
Kano.