Wahalar da sojojin Faransa suka sha a Masar

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan mamayar da Faransa ta yi wa Masar a 1798, domin yaranmu sunan Napoleon kawai suke ji, ba a gaya musu irin azabar da rundunarsa ta sha.

A watan Yuli suka sauka Iskandariyya da kakin ulu, cikin tsananin zafi. Kan hanyar Damanhur sun tarar an cike rijiyoyi, ƙishirwa ta sa wasu suka harbe kansu. Ranar 1 ga Agusta Nelson, kwamandan jiragen yaƙin Ingila, ya ragargaza jiragen ruwansu a Abukir kusa da Iskandariyya, hanyar gida ta toshe. Ga ciwon ido da ya makantar da da yawa, ga annoba a Yafa ta ƙasar Falasɗinu, inda suka kai yaƙi daga baya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Oktoba 1798. Harajin gidaje ya tunzura mutanen Alƙahira suka yi bore, Faransawa suka yi wa unguwar Azhar ruwan igwa, suka shiga masallacin da dawakai. Na yi karatu a can, na yi salla a wannan farfajiya, wallahi duk sanda na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Napoleon ya sulale a 1799. Janar Kléber da ya bar wa rundunar, wani ɗalibi mai suna Sulaiman al-Halabi ya daɓa masa wuƙa ya kashe shi a Yuni 1800. A 1801 ragowar suka miƙa wuya.

Don Allah a ware wa wannan tarihi shafi guda.

Naku,
Wani tsohon ɗalibin Azhar, Zariya