Amsa Ga Ɗalibin Da Ya Ce Me Ya Haɗa Maraɗi Da Teku

Assalamu alaikum, ɗana.

Ranar Asabar da ta wuce, a taron ɗalibai da aka gayyace ni in yi magana kan tarihi, kai ne ka miƙe daga layin baya ka ce: "Malam, mu da ko teku ba mu taɓa gani ba, Gulbinmu ma da rani yashi ne, don me ake cika mana kai da yaƙe-yaƙen jiragen ruwan Turawa? Me ya haɗa kifi da kaska?" Zauren ya ɗauki tafi. Kafin in buɗe baki aka kira magariba, taro ya watse. Tunda a bainar jama'a ka yi tambaya, a bainar jama'a zan ba ka amsa, kuma na gode maka, don ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi tun ina koyarwa.

Ta wani gefe kana da gaskiya. Kakanninmu da doki da lifidi suka yi yaƙi. Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore ba su taɓa neman jirgi ba, kai kuma jirgin da ka sani shi ne kwalekwalen masunta a tafkin Madarunfa. Inda ka yi tuntuɓe shi ne da ka ce abin na Turawa ne. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Mu'awiya, yana gwamnan Sham, ya roƙi Sayyidina Umar izinin yaƙi ta teku. Umar ya tambayi Amru ɗan Asi yadda tekun take, shi kuwa ya kwatanta masa masu hawanta da tsutsa a kan kara. Umar ya hana. Sai zamanin Sayyidina Usman aka yarda, aka ƙetara zuwa tsibirin Ƙubrus a 649. Wajen 655 kuma, a yaƙin da ake kira Zatus Sawari, Musulmi suka ɗaure jiragensu da na Rumawa suka yi ta sara kamar a tudu, har sarkin Rum da ƙyar ya sha. A nan kusa da mu ma, Sonni Ali na Songhai da rundunar jiragen masunta Sorko ya riƙe kogin Kwara, da su ya yi wa Jenne ƙawanya har ta miƙa wuya, kuma a fadar Gao akwai sarautar Hi-koi, shugaban jirage.

Abin da nake so ka riƙe shi ne aikin rundunar ruwa. Jirgi ba ya hawa ganuwa. Aikinsa tsare hanya: ya buɗe wa nasa, ya toshe wa abokin gaba, sai abinci da albarushi da albashin soja su yanke. Dubi Napoleon. A 1798 ya sauka Masar ya ci Alƙahira. Ranar 1 ga Agusta, Nelson na Ingila ya tarar da manyan jiragen Faransa 13 a Abukir, gaɓar tekun Masar, ya kama wasu ya ƙona wasu, biyu kaɗai suka tsira. Sojan da ya ci Masar ya zama kamar ɗan kasuwar da aka sace wa jakuna a tsakiyar daji, ga kaya ba hanyar gida. Napoleon ya sulale a 1799, rundunar ta miƙa wuya a 1801. Sannan a Trafalgar, ranar 21 ga Oktoba 1805, jiragen Ingila 27 suka karya na Faransa da Sifaniya 33. Nelson ya mutu a wurin, amma Ingila ba ta rasa jirgi ko ɗaya ba, kuma shekara ɗari bayan nan babu wanda ya iya ja da ita a teku.

To, yanzu biyo ni mu dawo gida. A Disamban 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Ikko, wato Legas, ruwan igwa, suka kori Sarki Kosoko suka ɗora Akitoye. Bayan shekara goma suka haɗiye garin gaba ɗaya. Ta bakin tekun nan da kogin Kwara aka riƙa turo bindigogin da suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Ta ɓangarenmu, bindigogin da hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine suka hallaka mutanen Birnin Ƙonni da su a 1899, su ma a jirgin ruwa suka sauka Afirka. A 1898 Faransa da Ingila sun kusa gwabzawa a Fashoda, bakin kogin Nilu, Faransa ta janye sojanta. Babban abin da ya sanyaya mata gwiwa shi ne ta san ba za ta iya da Ingila a teku ba, kuma in aka datse teku, duk sojanta na Afirka sun zama marayu.

Ga wurin da kullum in na zo shi a aji sai murya ta sauya. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata a yankinmu a watan Yunin 1898 ta bar Faransa da hanyar da ba rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram, ayarinta na wahala da ƙishirwa. Ta yi ta neman a gyara. Ranar 8 ga Afrilu 1904 suka sasanta a Landan. Faransa ta saki wani tsohon haƙƙin da masuntanta ke da shi a gaɓar tsibirin Newfoundland, can gefen Kanada, wurin da ta daɗe tana ji da shi don a kamun kifin nan ne matasanta ke goge hannu kafin su shiga jiragen yaƙi. Cikin abin da aka ba ta a madadi har da sassauto da iyaka zuwa kudu, kuma takardar ta ambaci Tasawa da Maraɗi da Zinder da suna, cewa a bar wa Faransa mutanensu. Ɗana, a cinikin kifi aka saka sunan garinmu. Ba a tambayi Sarkin Katsina na Maraɗi ba, ba a tambayi Sarkin Gobir na Tsibiri ba.

Kakata ta wajen uwa a Jibiya ta yi aure. Ina yaro, duk sallah mahaifiyata kan riƙe hannuna mu hau mota mu je gaishe ta. Ina tuna mahaifiyata a Ɗan Isa, bakin iyaka, tana kwance bakin zane tana fito da takarda nannaɗe a leda, tana miƙa wa mai kaki da hannu biyu, don kawai ta je ta ga wadda ta haife ta. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, amma ni na yi lakwal da Faransanci, ƴaƴan kawuna suka yi boko da Ingilishi. Sai da na girma na karanta, na gane daga inda layin nan ya fito.

Kada ka ɗauka zancen ya tafi da Turawan mulki. Gobe ka shiga babbar kasuwa, ka juya buhun shinkafa ka karanta bayansa: Indiya ko Tailan. A jirgi ta zo, ta sauka Kwatano ko Lome, manyan motoci suka jawo ta fiye da kilomita dubu. Kai ma shaida ne a 2023, da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa wa Nijar takunkumi aka rufe iyakar Benin da ta Najeriya, motoci suka yi jerin gwano a Malanbil, bakin iyakar Benin, farashin tiya ya tashi, magani ya yi wuya. Ba jirgin yaƙi ko ɗaya a wurin, amma dabarar ita ce ta Abukir, a raba ka da hanyarka ta ruwa. Man fetur na Agadem ma sai ya bi bututu kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar Benin kafin ya zama kuɗi.

Inda zan goyi bayanka ɗari bisa ɗari shi ne yadda ake koyar da darasin. An ba ku sunaye da shekaru ku haddace don jarrabawa, ba wanda ya jawo zaren daga Trafalgar ya kawo shi Ɗan Isa, kuma ni ma na yi shekaru ina koyarwa haka kafin in farga. Na roƙi shugabannin ƙungiyarku su sake ba ni lokaci a taro na gaba. Zan zo da taswirar 1898 da ta 1904 mu shimfiɗa su a tebur, kai nake so ka riƙe alli ka nemo Maraɗi a kowace.

Ka gaishe mini da iyayenka. Allah ya yi maka albarka, ya ƙara basira.

Naka,
tsohon malamin tarihi, Maraɗi