A sallami adashin tsohuwa da kiwonta kafin rabon gado

Ranka ya daɗe Edita,

Muna roƙon fili mu yi magana a kan irin tsohuwar nan da kowane ƙauye a ƙasar Ringim da Taura ya san irinta. Ba ta zama wuri ɗaya. Ranar Lahadi tana kasuwar Gujungu da ƙwaryar daddawarta, in ana biki ita ce mai guɗa, jikanta tana kiransa mijinta, jikanya kuwa kishiya. In Allah ya karɓi abinsa sai a yi zaman makoki, a yi ta yabon alherinta, a watse. Amma mai sakin hannu irin wannan ta fi kowa barin hulɗa a warwatse, ba ko ɗaya a rubuce, kuma a nan 'ya'yanta ke ɓatawa da juna.

Tun ana zaman makoki, a sa 'yarta babba ko aminiyarta ta je wurin uwar adashi. In marigayiya ta riga ta yi kwasa, sauran zubin bashi ne a kanta, a fitar daga dukiyarta. In ba ta yi ba, abin da ta zuba ya shiga gado. A bi awakin da ta ba da kiwo gida-gida, a ji sharaɗin da aka yi a kan 'ya'yan da aka haifa, a gaban shaidu. A tambayi mai injin niƙa da mai auna mata kalwa ko suna bin ta. Maza ba su cika sanin waɗannan ba, don haka kuskure ne a hana mata magana a wannan zama.

Bayan likkafani da bashi sai wasiyya, wadda ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku, kuma ba a yi wa magaji. Sannan rabo, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. A ce abin da ya rage Naira 600,000 ne, ta bar miji da 'ya'ya maza 2 da mata 2, iyayenta sun rasu. Miji ya ɗauki rubu'i, 150,000. Sauran 450,000 a kasa shida: kowane namiji 150,000, kowace mace 75,000.

Inda abin ya fi ciwo shi ne jikan da ta goya, wanda ke kwana ɗakinta. Muddin tana da ɗa namiji a raye, jika ba ya gadonta, ko da mahaifinsa ya riga ta rasuwa. Sau da yawa ta sha faɗa a gaban mutane cewa tunkiyar can tasa ce, amma tunkiyar ba ta taɓa barin turkenta ba. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai an damƙa ta tun mai kyautar na da lafiya, don haka sai ta koma cikin gado. Magada baligai suna iya bar wa yaron daga rabonsu, kuma a ganinmu hakan ya fi dafa shinkafar sadakar arba'in. Rabon maraya ƙarami dai ba a taɓa shi.

Waɗanda tsofaffinsu ke raye, su zaunar da su tun yanzu, a kira malamin gari da shaidu biyu, a rubuta wa take bi, wa ke bin ta, da abin da take son bar wa kowane jika.

Wassalam.

Daga wasu masu karatu,
ƙasar Ringim, Jihar Jigawa