Teburin maki ba shi ke auna direban Formula 1 ba

Zuwa ga Editan sashen wasanni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna yaba muku da kuka fara ware wa tseren motoci na Formula 1 'yan mintoci a shirinku, duk da yadda ƙwallon ƙafa ta cinye fili. Sai dai akwai gyara. Kusan kullum sai a karanto teburin maki, daga nan a yanke hukunci cewa wane gwani ne, wane kuma ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Tebur yana nuna ƙarfin mota ne fiye da hannun wanda ke cikinta, kuma shugabannin ƙungiyoyi ba da shi kaɗai suke ɗauka ko sallamar direba ba.

Mutum goma ne kawai ke samun maki a kowane tsere: na ɗaya 25, na biyu 18, na uku 15, a haka har na goma da ke tashi da maki 1. Wanda motarsa ba ta kai ta shiga goman farko ba, ko da ya yi tuƙin da ba a taɓa gani ba, sifiri za a rubuta masa. George Russell ya kammala kakar 2019 a ƙungiyar Williams ba shi da maki ko ɗaya, alhali a gwajin neman layin tashi, wato gwajin gudun da ke tantance wurin da kowa zai tashi ranar tsere, ya doke abokin tuƙinsa Robert Kubica sau 21 cikin 21. A Disambar 2020, da cutar korona ta kama Lewis Hamilton, aka ba Russell aron motarsa ta Mercedes a tseren Sakhir na Baharain. Daƙiƙa 0.026 ce ta raba shi da Valtteri Bottas, ɗaya direban Mercedes, a gwajin layin tashi, kuma shi ya ja gaba mafi yawan tseren, har makanikai suka yi kuskuren ɗaura masa tayoyin gaba na Bottas, daga baya kuma taya ta yi faci, ya ƙare na tara. Direban bai canja ba cikin mako guda, motar ce ta canja. Haka Nico Hülkenberg, wanda kowa a harkar ya yarda da hannunsa, sai a tserensa na 239 ya fara shiga ukun farko, a Silverstone ta Ingila a 2025.

Mu nan Sakkwato duk wanda ya taɓa tsayawa kallon sukuwa ya san ba a gane mahayi sai an ɗora shi da ɗan'uwansa a kan dawaki masu ƙarfi ɗaya. Kowace ƙungiya mota biyu take fitarwa, don haka ma'auni na farko shi ne abokin tuƙi. A duba tazarar da ke tsakaninsu a gwajin neman layin tashi, lokacin da mai kaɗan ne a tanki kuma tayoyi sababbi ne, a tara ta tsawon kaka. Idan tazarar ba ta wuce kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa ba, kusan kunnen doki suke. Ta kai kashi 3, a fara sa ido. Ta haura rabin daƙiƙa a kai a kai, to kujerar wancan na baya tana rawa, kome sunansa.

Ranar tsere lissafin ya fi haka wuya, kuma a nan masu sharhi suka fi tuntuɓe. Tun 2010 aka hana ƙara mai a tsakiyar tsere, saboda haka mota na tashi da man da zai kai ta kilomita 305, tana sauƙi tana ƙara sauri yayin da man ke ƙonewa. Kowane kilo 10 na mai yana cin kusan kashi 3 cikin 10 na daƙiƙa a zagaye ɗaya. Wanda ya kwatanta lokacin wani a zagaye na 5 da na wani a zagaye na 50 bai kwatanta komai ba. Ga kuma taya. Kamfanin Pirelli na kawo iri uku na busasshiyar hanya, mai laushi, matsakaiciya da mai tauri, kuma dole direba ya yi amfani da aƙalla iri biyu idan ba a yi ruwa ba. Mai laushi ta fi kama ƙasa amma ba ta jimawa. Direban da ya taka totur da ƙarfi yana fitowa daga kwana, tayoyin baya su yi ta sulɓi, zafinsu ya wuce kima, bayan 'yan zagaye sai ka ga ana wuce shi kamar yana tsaye. Wanda kuma ya danne birki har tayar gaba ta ƙulle, wuri ɗaya ya goge ya zama shafaffe, motar ta riƙa karkarwa har sitiyari, dole ya shiga canjin taya kafin lokaci. Canjin kansa bai fi daƙiƙa biyu da rabi ba, amma shiga da fita daga layin gareji na cin sama da daƙiƙa 20 a yawancin filaye. Sannan wanda ya maƙale a bayan wata mota yana shan gurɓatacciyar iska, fukafukan motarsa ba sa danne ta ƙasa yadda ya kamata, tayoyi su ƙara cinyewa. Duk wannan ba ya fitowa a tebur, amma injiniyoyi na ganinsa a kwamfuta, kwana bayan kwana.

Ko ma'aunin abokin tuƙi ma yana da inda yake yaudara. Dubi kujera ta biyu a ƙungiyar Red Bull, wato ta abokin tuƙin Max Verstappen. An sauke Pierre Gasly bayan tsere 12 a 2019, Alexander Albon bai wuce ƙarshen 2020 ba, Sergio Pérez ya tashi da maki 152 a 2024 yayin da Max Verstappen ya tara 437, Liam Lawson kuwa tsere biyu rak aka ba shi a 2025. Amma Gasly ya je ya ci tseren Monza na Italiya a 2020 da ƙaramar ƙungiya, Albon ya zama ginshiƙin Williams. Idan mutum huɗu suka faɗi a rami ɗaya, ramin ya kamata a duba. Motar tana da gaba mai saurin juyawa da baya mai sulɓi, yanayin da Verstappen ke jin daɗinsa, sauran kuwa sai su rasa natsuwar shiga kwana da gudu.

Batun komawar Hamilton ƙungiyar Ferrari a 2025 ma a yi masa adalci ta fuska biyu. Gaskiya ne a 2025 bai shiga ukun farko a babban tsere ko sau ɗaya ba, sai dai ya ci wani gajeren tsere a ƙasar Sin, kuma abokin tuƙinsa Charles Leclerc ya fi shi maki nesa ba kusa ba. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma mutumin da ya yi shekara 12 a Mercedes ya tarar da wani birki, wani inji, wasu injiniyoyi, kuma gwajin share fage na 2025 na kwana uku ne kacal da mota ɗaya ga kowace ƙungiya, wato kwana ɗaya da rabi ga kowane direba. A ganinmu kaka ta biyu ce ke raba gardama tsakanin rashin sabo da tsufa.

Sai maganar matasa masu tasowa, wadda masu sauraro ke yawan tambaya a kai. Ba a shiga Formula 1 sai da babban lasisin FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci ta duniya. Sharuɗɗan sun haɗa da shekara 18, maki 40 na lasisi da aka tara cikin kaka uku a ƙananan gasanni, da tuƙin kilomita 300 a motar Formula 1 da gudun tsere. An tsaurara su ne bayan Verstappen ya fara yana ɗan shekara 17 a 2015. Ukun farko a Formula 2 na samun maki 40 nan take, zakaran Formula 3 na samun 30. Colton Herta na Amurka, duk da nasarorinsa a gasar IndyCar ta ƙasarsu, maki 32 gare shi a 2022, aka hana shi.

Lasisin kuma ba kujera ba ne. Oscar Piastri ya ci Formula 3 a 2020, ya ci Formula 2 a 2021, ya zauna benci a 2022. Felipe Drugovich da Théo Pourchaire, zakarun 2022 da 2023, ba su samu gurbi ba bayan kambunsu, ga shi doka ta hana zakara komawa Formula 2. Kujeru 20 ne a duniya kaf har zuwa 2025, zuwan Cadillac a 2026 ya mai da su 22, amma sabuwar ƙungiyar ta ɗauki tsofaffin hannu, Bottas da Pérez, domin mai gina mota daga tushe yana bukatar wanda zai gaya masa ainihin abin da ke damunta. Wanda ya samu shiga ma ba a yi masa dogon haƙuri: Nyck de Vries tsere 10 ya yi a 2023, Jack Doohan tsere 6 a 2025.

Kuɗi ne katangar da ba a cika faɗa ba. Yaro na farawa da 'yan ƙananan motocin kat tun yana shekara shida zuwa takwas, ya hau Formula 4, ya hau Formula 3, kuma kaka ɗaya a Formula 2 na lashe miliyoyin Yuro. Idan babu uba mai hali ko wata babbar ƙungiya da ta ɗauki nauyi, tafiyar ta tsaya. Shi kansa Hamilton McLaren ce ta ɗauke shi tun yana shekara 13. Wannan ne dalilin da ya sa Afirka ke baya, ba rashin hazaƙa ba: tun tseren Kyalami na Afirka ta Kudu a 1993 ba a sake yin tseren a nahiyar ba, kuma Jody Scheckter na Afirka ta Kudu, a 1979, shi ne zakaranmu ɗaya tilo. Masu neman wanda ke da jinin Najeriya su riƙa bibiyar Ugo Ugochukwu, haifaffen Amurka da mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce, wanda ya ci tseren Macau a 2024.

Roƙonmu shi ne, duk ranar da za ku karanto tebur, ku haɗa da sakamakon gwajin layin tashi na kowane direba da na abokin tuƙinsa, da irin tayar da kowa ya tashi da ita. Dokokin 2026 sun mai da kusan rabin ƙarfin mota ga batir, don haka ku riƙa faɗa mana kuma wa ke iya tattalin wutarsa har ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, wa take ƙare wa tun kafin ya kai kwana.

Naku,
Wasu masu bibiyar tseren mota,
Mabera, Sakkwato.