Rigimar ficewa daga ECOWAS ta shigo rumfarmu

Malam Edita,

Ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ke damuna. Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a watan Janairun 2024, rumfarmu a kasuwar Maraɗi ta koma majalisa. Ni da yayana har mun daina cin tuwo a kwano ɗaya na wasu kwanaki, abin kunya.

Shi cewa yake yi ƙungiyar da ta rufe mana iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, aka yanke mana wutar da ke zuwa daga Najeriya, magani ya yi wuya, ba uwa ba ce. Ban musa masa ba. Na ga motocin albasa jere a hanyar Jibiya, kaya na ruɓewa, direbobi na kwana ƙarƙashin tirela.

To amma ni ɗan kasuwa ne. Rabin jarina yana Kano, 'yata kuma tana aure a Katsina. Ficewar ta tabbata a Janairun 2025, ECOWAS ta ce a ci gaba da zirga-zirga ba biza har sai an sake magana. Wannan "har sai" ɗin ne ke hana ni barci. Ranar da aka sauya, wa zai biya kuɗin kwastan?

Da na yi wannan tambaya, sai yayana ya ce ba ni da kishin ƙasa. Don Allah jaridarku ta tambayo mana hukumomi inda tattaunawar ta kwana.

Naka,
Wani ɗan kasuwa, Maraɗi